Metir ɗin tela da lissafin kewaye: abin da na gani a gidana

Iyaye da yawa a nan Damagaram, idan yaro ya kasa lissafi, abin da ke fara zo musu shi ne neman mai koyarwar yamma. Ni abin da ya taimaki ɗiyata da ke CM1, wato aji biyar na firamare, wajen gane kewayen siffofi, metir ne na tela, wanda wasu ke ce wa tef, da na saya a Kasuwar Dole. Kuɗinsa bai kai jika guda ba.

Yarinyar ta hardace ƙa'idar da Faransanci tsaf: a haɗa tsawo da faɗi, a ninka sau biyu. Amma da zarar mushe, wato malaminsu, ya zana siffa mai gefe biyar, ko ya ba da kewaye ya ce a nemo faɗi, sai ta tsaya cik. Ba ta san me take aunawa ba. Abin ya dame ni ƙwarai, don na san a CM2 lissafin zai ƙara nauyi.

Amfanin metir ɗin shi ne yana lanƙwasawa. Rular makaranta gefe ɗaya take aunawa, a ɗaga ta, a koma wani gefen. Shi kuwa wannan ana zagaya abu da shi baki ɗaya, yaro ya ga inda ya fara da inda ya dawo. Mun fara da ƙaramin kayenta na makaranta, wato littafin rubutu, mai santimita 22 a tsawo, 17 a faɗi. Ta naɗe metir a gefensa, ta karanta 78. Sannan na ce ta lissafa yadda aka koya mata: 22 da 17 sun ba da 39, sau biyu 78. Ta dube ni ta ce, "Inna, ashe sau biyun nan don gefe biyu-biyu ne suke daidai!" Daga nan ban ƙara yi mata bayanin ƙa'idar ba.

Tsawonsa santimita 150 ne kawai, kuma wannan gajartar ma ta yi mana rana. Tabarmarmu 180 ce a tsawo, 90 a faɗi, metir ba ya kaiwa, dole ta auna 150, ta sa alama da alli, ta ƙara 30. Haka ta bi gefe huɗu tana tarawa har 540, sannan ta mayar da shi mita 5 da santimita 40. Kun ga ta yi tarawa, ta yi juyin ma'auni, ba tare da ta ji kamar aikin gida aka sa ta ba.

Inda ya fi burge ni shi ne da'ira. Mun auna bakin faranti mai faɗin 40, muka sami kusan 126. Muka gwada murfin tukunya da bakin bokiti, kullum zagayen ya ninka faɗin sau uku da ɗan ɗoriya. Ranar da za a rubuta mata 3,14 a allo, ta riga ta san daga ina ya fito.

Yana da nasa aibi. Bayansa inci ne, 60, kuma inci ɗaya santimita 2,54 ne. Yaro yana juya shi ba da sani ba, amsa ta rushe. Ni na bi bayan da jan biro na yi layi, don ta san ba nan za ta karanta ba. Sannan ba ya nuna girman fili. Ɗiyata ta ɗauka duk abin da kewayensa ya zo ɗaya, cikinsa ma ɗaya ne, sai da muka zana a ƙasa ɗaki mai mita 5 da 1, da wani mai mita 3 da 3. Kewayensu 12 duka, amma na biyun ya kusa ninka na farkon a ciki.

Mai saye ya zaɓi mai kauri, don siririn yana miƙewa in yara suka yi ta jan sa. Ya kuma ɗora shi a kan rula tun a gaban mai shago, ya tabbatar santimita 30 ɗin farko sun zo daidai, ƙarfen bakinsa bai cinye wani abu daga awon ba.