Traveller ko A Sailor's Guide to Earth: da wanne za ka fara?

Malam, ka ce ka tashi kana jin Don Williams da Kenny Rogers a rediyo, yanzu kuma ka ji labarin mawaƙan kantiri da ke gauraya kiɗansu da sol na jihohin kudu na ƙasar Amurka. An ba ka sunan albam biyu, Traveller na Chris Stapleton da A Sailor's Guide to Earth na Sturgill Simpson, kana tambayar wanne ya fi. To ga yadda nake ganinsu.

Wanda ya haɗa maka su ya san abin da yake yi. Dukansu 'yan jihar Kentucky ne, dukansu haihuwar 1978. Traveller ya fito a watan Mayun 2015, na Simpson ya biyo baya a Afrilun 2016, kuma kowannensu ya ci kyautar Grammy ta albam ɗin kantiri mafi kyau, ɗaya na bin ɗaya, a 2016 da 2017. Har furodusa sun taɓa tarayya: Dave Cobb da ya yi aikin Traveller shi ne ya yi wa Simpson albam ɗinsa biyu na farko. Amma da ka saka su a kunne za ka ji kowa da hanyarsa.

Sol ɗin da ake magana kiɗan baƙaƙen fata ne na kudu, wanda ya samo tushe daga waƙar coci, ya bunƙasa a shekarun 1960 a kamfanin Stax na birnin Memphis da sitidiyon FAME na garin Muscle Shoals a Alabama. Abu biyu ake gane shi da su: muryar da ke roƙo kamar mai shi zai fashe da kuka, da kuma masu busa da ke amsa wa mawaƙi. Stapleton ya ɗauki na farko, Simpson ya ɗauki na biyu. Bambancin nasu ke nan a taƙaice.

A Traveller ba za ka ji busar ƙaho ba. Jita ce, da ganga, da jitar nan ta kwance mai kuka da ka saba ji a kantiri, sai matarsa Morgane da ke yi masa amshi. Sol ɗin duk a maƙogwaronsa yake. Saurari Tennessee Whiskey. Tsohuwar waƙar kantiri ce, David Allan Coe ya yi ta a 1981, George Jones ya maimaita a 1983. Stapleton ya rage mata gudu, ya ɗora ta a kan tafiyar da duk wanda ya san I'd Rather Go Blind ta Etta James, wadda aka naɗa a FAME a 1967, zai gane nan take. Makaɗan ba sa yin wani abin a zo a gani, gaba da baya kawai suke yi a wuri ɗaya, su bar masa fili. Shi kuma sai ya kama gaɓa ɗaya ya ja ta, ya hau da ita, ya lanƙwasa, ya sauko da ita a hankali kafin ya saki numfashi. Waƙar nan ce ya yi da Justin Timberlake a bikin kyaututtukan kiɗan kantiri na CMA a Nuwambar 2015, kuma bayan daren ne albam ɗin ya haye na ɗaya a jadawalin albam-albam na mujallar Billboard. Kafin nan an fi saninsa da rubuta wa wasu waƙa a birnin Nashville, cibiyar kiɗan kantiri.

Sai dai zan faɗa maka gaskiya, waƙoƙi 14 ne a ciki, sama da awa guda, kuma waɗanda suke sol na sosai ba su da yawa. Akwai wannan, akwai Sometimes I Cry ta ƙarshe, sauran galibi kantiri ne tsantsa da ɗan bulus. A nan sol yaji ne da aka barbaɗa, ba shi ne miyar ba. Ni a ganina tsakiyar albam ɗin ta yi nauyi, da an cire biyu ko uku ba abin da zai ragu.

Na Simpson gajere ne, waƙa 9, bai cika minti 40 ba, kuma shi ya yi wa kansa furodusa. Ya taɓa aikin sojan ruwa, don haka ya tsara albam ɗin gaba ɗaya a matsayin wasiƙar matuƙin jirgin ruwa zuwa ga ɗansa na fari, wanda aka haifa daidai lokacin da yawon wasa ya hana uban zaman gida. Ya ɗauko masu busa na ƙungiyar Dap-Kings daga Brooklyn, waɗanda suka yi suna da marigayiya Sharon Jones. Waƙar farko kaɗai ta isa ta nuna maka abin da nake nufi. Tana buɗewa da ƙarar teku da fiyano, yana yi wa jaririn maraba cikin sanyin murya, har ka ɗauka waƙar reno ce. Kana tsakiyar sakin jiki sai ganga ta ɓarke, masu busa su shigo gaba ɗaya, kiɗan ya koma irin na Stax. Daga nan ba ya tsayawa wuri guda. Har waƙar Nirvana ya ɗauko, ta 'yan rok, ya kwantar da ita ya sa mata busa. Wasu masoya kantiri sun ce wannan ya fita daga layi, ni kuwa ƙarfin halin nan ne ya sa nake ganin ya fi Traveller haɗuwa a matsayin aiki guda.

Inda Simpson ke da rauni shi ne lafazi. Yana tauna kalmomi, idan kunnenka ya saba da Turancin Don Williams da ake ji ɗaya bayan ɗaya, za ka sha wuya sai ka nemi rubutun waƙoƙin. A murya kuwa bai kamo ƙafar Stapleton ba, wannan ba abin gardama ba ne.

Akwai kuma batun abin da suke faɗa, tunda na san wasunmu a mota suke saurare da iyali. Traveller cike yake da zancen giya da nadama da kaɗaici. Ya samo asali ne daga wata doguwar tafiya da Stapleton ya yi da matarsa a mota bayan rasuwar mahaifinsa a 2013, mahaifin da ya yi aikin haƙar kwal. Na Simpson nasihar uba ce ga ɗa, amma waƙar rufewa, wadda ke caccakar yaƙe-yaƙen Amurka, tana da ashar, kuma labarin zamansa na soja bai ɓoye shaye-shaye ba.

Tunda daga Don Williams ka fito, fara da Traveller, ba zai firgita ka ba, kuma za ka iya tsintar waƙa ɗaya-ɗaya. Idan ka ji Tennessee Whiskey ta fi sauran kama ka, to sol ɗin kake nema, sai ka wuce na Simpson. Shi kam ka ba shi minti 40 ɗinsa a zama ɗaya, daga farko zuwa ƙarshe, kada ka bari waya ta hautsina maka jerin waƙoƙin.