Garin ciyawar teku da buroshin yatsa: abin da suka yi wa bakin karen gadinmu

Garin ya rage wari, goge haƙori ya fi garin aiki nesa ba kusa ba, kuma babu ɗayansu da ya iya taɓa dattin da ya riga ya daskare a gindin haƙori. Wannan shi ne abin da na gani bayan 'yan watanni ina amfani da su, ga wanda ke gaggawa.

Muna da garke a Asokore Mampong inda muke turke raguna da 'yan shanu don kasuwar Layya, kuma duk mai wannan sana'a a Kumasi ya san ba a barin dabbobi su kwana ba kare. Namu irin na gida ne, baƙi, sunansa Duna, ya haura shekara biyar. Abincinsa abin da aka rage ne: banku, dokunu, tuwo, kan kifi. Duk abinci ne mai laushi mai manne wa haƙori, ba abin da zai gurgura. Yaron da ke kwana a garken ne ya fara kawo ƙara. Ya ce, "Alhaji, in Duna ya yi hamma kusa da kai, wallahi sai ka canza wurin zama." Da na ɗaga masa leɓe sai na ga fiƙoƙinsa sun yi rawaya daga sama, babban turmin nan na baya ya yi ruwan ƙasa, ga jan layi a dasashi daidai inda ya haɗu da haƙori.

A wani shagon kayan dabbobi a Adum aka haɗa min abu uku: gwangwanin gari, man goge bakin kare, da buroshin roba da ake zura wa yatsa.

Garin na wata ciyawar teku ce da ake kira Ascophyllum nodosum, wadda ke fitowa a gaɓar teku mai sanyi irin ta Norway. Ana barbaɗa shi a abinci sau ɗaya a rana da ɗan cokalin da ke cikin gwangwanin, gwargwadon nauyin kare. Masu yin sa sun ce ta cikin jiki yake aiki, ya fito ta miyau ya hana datti kamawa, kuma sai an yi mako 3 zuwa 8 kafin a ga canji. Ƙarnin busasshen kifi yake yi, don haka Duna bai ko ɗaga kai ba, ya haɗa da bankunsa ya cinye. Wajen wata guda warin ya sassauta, har yaron ya daina mita. Amma ruwan ƙasar nan na turmi yana nan daram. Ga shi kayan waje ne, farashinsa na bin dala, yau ka saya gobe ka koma an ƙara. Da damina kuma, in aka bar murfin a buɗe, laimar Kumasi kan sa shi ya dunƙule. Yana da sinadarin aidin da yawa, saboda haka karen da ke da ciwon maƙoƙo ba a ba shi sai likita ya ce.

Inda na fi ganin amfani shi ne gogewa. Man yana da ɗanɗanon kaza, an yi shi ne don a haɗiye, tunda kare ba ya kurkure baki ya tofar. Kada a kuskura a ɗauko na mutane: akwai fuloraid a ciki, wasu kuma suna da wani abin zaƙi, xylitol, wanda ke faɗar da sugan jinin kare cikin ɗan lokaci, ya kuma lalata hanta.

Na san abin da ke zuciyar wasu masu karatu, wato miyau. A mazhabar Malikiyya da muka taso a kai ba a ɗauki miyan kare najasa ba, wasu mazhabobin kuma sun ɗauka. Kowa ya tambayi malaminsa. Ni dai safar hannu nake sawa, ina da wata tsohuwar riga ta wannan aikin kawai, kuma bayan La'asar nake yi kafin a kwance shi.

Ba buɗe bakin ake yi ba, nan mutane ke shan cizo. Ka bar shi ya lashi man a yatsanka na wasu kwanaki har ya riƙa zuwa da kansa. Daga nan ka zauna a gefensa, kada ka tsaya a gabansa, ka ɗora hannun hagu a kan hancinsa, ka ɗaga leɓen sama da babban yatsa, bakin yana rufe. Bayan haƙoran kawai za ka goga, ɓangaren kumatu, musamman fiƙa da turamen sama, kana bin layin dasashi a hankali. Karen da ya gama girma haƙora 42 gare shi, ba za ka same su duka ba, kuma ba sai ka samu ba. Minti ɗaya ya isa, in dai kullum ne. Da farko robar kan fito da ɗan jini. Bayan kamar mako biyu jinin ya ɗauke, jan layin ya dushe. Sai dai wanda karen ya sani shi zai yi wannan, kuma sai karen da aka yi wa allurar rigakafin ciwon hauka. Karen gadi ba abokin wasan baƙo ba ne.

Buroshin yatsan kansa bai burge ni ba. Gajere ne, ba ya kai wa can ƙarshe, yana santsi da zarar miyau ya jiƙa shi, kuma rannan Duna ya datse shi ya huda, saura kaɗan yatsa. Bandeji da na naɗe a yatsa ya fi shi kama datti. Yanzu buroshin yara mai laushi nake saya a kemis, mai dogon hannu.

Na gwada na gida su ma. Karas, wanda ke zuwa mana da araha daga wajen Asante Mampong, Duna yana gurgurarsa da daɗi, yana ɗan kankare haƙori, amma ba magani ba ne. Man kwakwa lashewa kawai ya yi, ranar da aka yawaita kuma sai zawo. Ƙashi ɗanye daga Mayanka yana kankarewa sosai, sai dai ƙashin ƙafar saniya yana fasa turmi, dafaffe kuwa tsagewa yake ya soki hanji. Wani maƙwabci ya ce a daka tafarnuwa a zuba masa. Tafarnuwa da albasa suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, abin da ya sa ma na hana a juye masa ragowar miya mai albasa da yawa.

Daga ƙarshe sai da muka kai shi asibitin dabbobi. Likitar ta duba ta ce, "Alhaji, wannan na baya ya zama dutse, buroshi ba zai cire shi ba." Ta bayyana cewa dattin da ke lulluɓe haƙori bayan cin abinci yana fara taurara cikin 'yan kwanaki, kuma yawancin karnukan da suka wuce shekara 3 suna da ciwon dasashi ko mai su bai lura ba. Aka yi masa allurar barci, aka kankare har ƙarƙashin dasashi, aka cire ƙaramin haƙori ɗaya da ke girgiɗi. Ta kuma ja kunnena cewa ba kowane wari ne daga haƙori ba: in bakin yana zarnin fitsari a duba ƙoda, in kare yana yawan shan ruwa yana ramewa a duba suga.

Gwangwanin garin ya kusa ƙarewa kuma ba zan sake saye ba, kuɗinsa gara na tara don kai Duna a duba shi shekara-shekara. Man gogewar kam na riga na sayo na biyu.