Ku yi hattara da mai kiran kansa Barista da ke yi wa 'yan kasuwa rajistar kamfani ta bogi

Wallahi har yanzu jikina rawa yake. Naira 385,000 mutumin nan ya cinye min, 385,000, kuma ba duka nawa ba ne, rabi na Yayana ne da muke haɗa jari a harkar riɗi da waken suya a kasuwar Dawanau da ke Kano.

Kamfani muke so mu buɗe, limited, saboda masu sayen kayanmu sun ce ba za su sa hannu a kwantiragi da sunan mutum ba sai da kamfani, sannan takardar fitar da kaya waje ta hukumar NEPC ma ba a ba mai rajistar sunan kasuwanci (business name) kawai. To shi ne aka haɗa ni da shi. Kuma don Allah kar wani ya zo min da cewa ban bincika ba, wanda ya ba ni lambarsa mutum ne da muke sallah sahu ɗaya shekara da shekaru, shi ma an yi masa takarda a hannunsa na gani da idona. Ofis gare shi, da teburi da firinta da hotonsa sanye da baƙar riga da gashin nan na lauyoyi a bango. Waye zai ga wannan ya yi zargi?

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne lokacin da na ce masa bari na tura kuɗin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da kaina ta Remita, hanyar biyan kuɗin gwamnati ta intanet, sai ya yi murmushi ya dafa kafaɗata ya ce "Haba Alhaji, ai ka zo gida, turo asusuna kawai zan biya komai tare, kar ka wahalar da kanka." Ka zo gida. Kalmar nan ita nake ta juyawa, da dare ma ita ke hana ni barci. A gabansa na tura 220,000 yana kallon wayata yana cewa Allah ya sa albarka.

Ta banki asirin ya tonu. Na je buɗe asusun kamfani da satifiket ɗina a cikin leda, ma'aikaciyar ta buga lambar rajistar kamfanin (RC) a kwamfuta, ta ɗago ta kalle ni ta ce Alhaji wannan lambar ta wani kamfani ce a Legas, sunanku ma babu shi gaba ɗaya. Gaban mutane. Ga Yayana a tsaye a bayana ya saka babbar riga don za mu sa hannu. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Af, kafin wannan ma ya karɓi 90,000 wai kuɗin stamp duty (harajin hatimi) da TIN (lambar haraji) da SCUML (takardar sashen hana halasta kuɗin haram), daga baya aka gaya min SCUML kyauta ake yinta, TIN kuma tare da rajista take fitowa. Sai 75,000 na yarjejeniyar haɗin jari tsakanina da Yaya, wadda za ta faɗi kason kowa da yadda za a raba riba. Da muka kai wa lauya na gaske ya duba, a shafi na uku sunayen wasu mutane ne daban da adireshin Fatakwal, ko gogewa bai yi ba, kwafo ta ya yi daga wani wuri. Babu sitika da hatimin ƙungiyar lauyoyi ta NBA a jiki, lauyan ya ce sunansa ma bai gan shi cikin jerin lauyoyi ba. 220 da 90 da 75, ku lissafa, 385,000.

Kuma fa na tambaye shi tun farko, na ce Barista me ya sa ba a turo min komai a imel ba, ya ce ai netwok ɗin Abuja ne ke da matsala. Kowa ya san ana samun matsalar netwok, me zai sa na ƙaryata shi? Yanzu ofis a kulle, mai shagon da ke kusa ya ce ya kwashe kayansa da dare, layinsa ɗaya a kashe ɗayan kuma ya yi blokin ɗina a WhatsApp. Masu saye sun ba wani kwantiragin. Yaya bai ce min komai ba, shirun nasa ya fi min zagi ciwo.

Ina da rasit na tura kuɗin duka uku, da muryoyin da ya turo min, da hoton satifiket ɗin bogin, zan ɗora su da zarar lauya ya ba ni izini, shi ya ce kar na faɗi suna tukuna saboda mun kai ƙara wajen 'yan sanda. Shi ma abokin nawa da ya haɗa mu ya duba tasa takardar, ita ma bogi ce, shekara guda yana yawo da ita.

Duk wanda aka ba satifiket ya shiga shafin CAC ya buga sunan kamfanin, kyauta ne. Kar ku tura kuɗin gwamnati asusun mutum. In akwai wanda mutumin nan ya yi wa aiki a Dawanau ko kasuwar Singa ya yi min magana, ban yafe 385,000 ɗina ba, Allah ya isa.