Hattara da mai tallar "farin furen teku" a WhatsApp

Assalamu alaikum. Wannan gargaɗi ne ga matasanmu masu kiwon kifi a yankin Ringim, Taura da Garki, musamman waɗanda ke cikin zaurukan WhatsApp na masu tarwada. Akwai wani mutum da ke watsa hotunan wata halittar ruwa fara fat, mai siraran yatsu suna kaɗawa a cikin akwatin gilashi. Yana kiranta farin furen teku, wai samunta sai an tona, wai manyan otal-otal na Abuja na nemanta ruwa a jallo. Ka saya ka raina, in ta hayayyafa ya dawo ya karɓa a hannunka da ninkin kuɗi. Don Allah kada kowa ya tura masa ko sisi.

Abin da yake sayarwa dabba ce ta ruwan gishiri, sunanta anemoni, dangin murjani ce. Irin waɗanda ake kiwo a gida suna ɗauke da wasu 'yan ƙananan gansakuka a cikin jikinsu, waɗanda ido ba ya gani. Su ne ke haɗa abinci da haske su ciyar da ita, su ne kuma ke ba ta launin ƙasa-ƙasa. In ruwa ya yi zafi, ko haske ya sauya mata fiye da kima, ko ta daɗe cikin duhun jigila, sai ta rabu da su ta koma fara. To farin nan da yake yi wa kirari alamar ciwo ce da yunwa. Duk wanda ya saya, majinyaciya ya ɗauko.

Yakan haɗa da ɗan kifin nan mai ruwan lemo da fararen zane, mai kwana a cikin yatsunta, ya ce masunta ne suka kamo masa su a tekun Legas. Ƙarya ce. Wannan kifi a tekun Indiya da Fasifik da Bahar Maliya yake rayuwa, babu shi a Atilantika, tekun da Legas ke bakinsa.

Ɗan ƙanwata na cikin waɗanda suka faɗa hannunsa. Yaro ne mai himma, ya iya tarwada sosai, da ribarta ya biya. An aiko masa da kayan ta tasha cikin leda, aka ce ya zuba ruwan burtsatse da gishirin miya, shi ke nan. Da abin ya fara tsukewa ya kira mutumin, sai ya ce akwai wata kwalbar maganin dawo da launi, ya ƙaro kuɗi. A nan ne ya zo wurina yana cewa, "Kawu, ko in saya? Ya ce kwana kaɗan za ta miƙe." Na ce masa, "Ɗana, riƙe kuɗinka." Da ya nemi a maida masa na farko, sai aka toshe lambarsa.

Maganar kwalbar nan ta fi komai ci mini rai, domin ita ce tarko na biyu. Babu wani ruwa da za a ɗiga ya maida wa anemoni gansakukanta. Abin da maha'inta suka daɗe suna yi a wannan harka shi ne rini: su tsoma wadda ta yi fari a cikin launi, ta fito rawaya shar ko ruwan hoda, mai saye ya ga kamar lafiya ce. Rinin na gushewa, wahalar da aka ƙara mata na nan. Wani abin tsoron kuma, magungunan kifi da yawa na ɗauke da sinadarin jan ƙarfe, wanda kaɗan daga cikinsa ke kashe anemoni da murjani. Kwalbar da ba a rubuta abin da ke cikinta ba, kada ta kusanci ruwanku.

Wanda ya riga ya saya kuma dabbar na da sauran rai, ga abin da zai iya yi. Ruwan teku na da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, kuma ba gishirin miya kaɗai ba ne, akwai wasu ma'adinai a ciki, don haka sai gishirin da aka haɗa musamman domin wannan kiwo, a narka shi a ruwan da aka tace sosai. Zafin ruwan ya tsaya wajen digiri 24 zuwa 26, dare da rana. A ba ta haske matsakaici, a riƙa ƙarawa a hankali, kada a haska mata fitila mai ƙarfi kwatsam. Tunda masu ciyar da ita sun tafi, sai a ciyar da ita da hannu: ɗanyen jatan lande ko farin naman kifin teku, yanka bai wuce ƙwayar masara ba, sau 2 ko 3 a mako. A bar ta inda ta maƙale, kada a ɓamɓare ta, a kuma rufe bakin famfon da ke juya ruwa da raga, don in ta tashi yawo zai iya tsotse ta. In yatsunta na kama abinci, akwai fata. Alamar sauƙi ita ce ɗigo-ɗigon launin ƙasa ya fara bayyana, kuma maganar watanni ake yi. Amma in bakinta ya wangale, ta saki gilashi, ta fara narkewa tana wari, a fitar da ita nan take kafin ta ruɓar da ruwan ta kashe kifayen.

Yanzu ku auna wannan da halin da muke ciki. A watan Afrilu da Mayu zafinmu na haura digiri 40, wuta kuwa kun san yadda take. Ba tare da na'urar sanyaya ruwa da sola mai riƙe ta har gari ya waye ba, lafiyayyar anemoni ma fari za ta yi a ɗakunanmu. Masu wannan kiwo ma ba sa saka ta sai akwatin ya yi aƙalla wata 6 yana aiki, ruwansa ya zauna. Gaskiya ne wani nau'in yakan rabe gida biyu ya zama biyu, amma jarin da aka ɗora kan dabbar da ke fama da yunwa asara ce tun ran farko. Mutumin ya san duk wannan, shi ya sa yake neman ƙauyukan da ba a saba da harkar ba.

Wanda ya riga ya tura kuɗi ya adana shaidar turawa da hotunan hirarsu, ya garzaya bankinsa ya shigar da ƙorafi, sannan ya kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa. Shugabannin zaurukan WhatsApp kuma ku cire tallar da zarar kun gan ta, domin yakan sauya lamba ya dawo da hotunan nan dai.