Ƴar na'urar da ake soka wa firiz kafin a sayar da gida a Faransa

Ƴan'uwa na Tawa, ga yadda ake binciken wutar gida a Faransa. Mai binciken ya shiga ɗakin girki, ya soka wata ƴar na'ura mai girman sabulu cikin firiz (ramin bango da ake jona kayan wuta), ya danna maɓallinta, wuta ta ɗauke nan take, sai ya rubuta cewa lafiya lau. Ɗaukewar nan ita ce shaidar cewa disjanktar mai tsaron rai, wato abin da ke yanke wuta da kansa in ta zurara ƙasa, yana aiki. Tun 2009, gidan da wayoyinsa suka wuce shekara 15 ba a sayar da shi sai da takardar wannan bincike, wadda ke aiki shekara 3. Gidan haya ma yanzu haka ne, shekara 6. Sabon gini kuwa, sai hukumar Consuel mai duba wayoyin wuta ta sa hannu kafin a ja masa kuran.

Na'urar tana da ƙananan fitilu uku da ke nuna ko faz (wayar da ke kawo wuta), notur (wadda ke maida ita) da wayar ƙasa kowace na wurinta, ko an juya su, ko ɗaya ta katse. Maɓallin yana sakin ƴar wuta kaɗan, miliamfa 30, zuwa ƙasa, kamar dai mutum ya taɓa waya tsirara. Disjanktar na ƙwarai zai yanke kafin sulusin daƙiƙa. In bai yanke ba, ko dai ya lalace, ko babu shi sam, ko wayar ƙasa ba ta kai firiz ɗin ba.

Amma tana da iyaka. In wani ya haɗa notur da wayar ƙasa a bayan firiz, fitilun za su nuna komai daidai. Ana kuma bi da multimita, abin awon wuta: tsakanin faz da notur bolt 230 (220 a wajenmu), faz da ƙasa kusan haka, notur da ƙasa kusan sifili. Wancan haɗin kuwa sai an kwance firiz ake ganinsa, a kuma duba launi, shuɗi notur, kore da rawaya ƙasa. Kafin a sa hannu ana kashe layin, a gwada abin awon a firiz mai wuta, a auna wanda za a taɓa, a koma a sake gwada abin awon.

Mu kuwa turnabis mai ƙwai shi ne komai. Ya yi ja, da wuta, bai yi ba, a sa hannu. Wallahi wannan yana ci mini rai. Hasken turnabis ɗin nan ba a ganinsa a ranar Tawa, kuma mai takalmin roba a busasshen wuri na iya taɓa faz ya ga duhu. In kuma makunnin fitila notur yake yankewa, alhali faz ya kamata ya yanke, sai mai canza ƙwai ya sha jan wuta da fitila a kashe. Firigo yana jan yara, sai mu shimfiɗa masa katako mu ce halinsa ne. Nigelec, kamfanin wutarmu, a kwantar take tsayawa, abin da ke bayan kwantar namu ne.

Kaurin waya ma ana dubawa, da awon mm²: 1,5 ga fitilu da disjanktar da bai wuce amfa 16 ba, 2,5 ga firiz da amfa 20, 6 ga murhun lantarki da amfa 32. Mu sai a ɗaura kilim kan siririyar waya, a sa mata babban disjanktar don kada ya riƙa faɗuwa. Wayar ce ke zafi cikin silin, shi bai sani ba, har roba ta narke.

Inda aikinmu ya fi nasu wuya shi ne ƙarfen da ake kafawa a ƙasa, wanda wayar ƙasa ke jone da shi. A nan Faransa ana son turjiyar da yake wa wuta kada ta wuce om 100, kuma damshi na taimaka musu. Rairayinmu a bazara ƙurmus yake (har ƙurar watan Afrilu nake kewa a cikin sanyin nan). Ku auna shi da rani, don awon damina ruɗi ne. In ya yi yawa a ƙara zurfi, ko a kafa biyu ko uku nesa da juna a haɗa su. Gishirin da ake zuba wa ramin yana rage awo na ɗan lokaci, yana kuma cinye ƙarfen. Mai gina gida ya tambayi mai wuta om nawa ya samu, ya rubuta masa kafin a biya shi cikon kuɗinsa.