Agogon ciki ko na waje: amsa ga mai fama da ƙas-ƙas a sitidiyo

Ƙanena da ya yi tambaya daren jiya, ga amsarka. Ga waɗanda ba su gani ba: yana da ɗan sitidiyo nan Maradi, katin sautinsa Scarlett 18i20 ne, ya ƙaro Behringer ADA8200 don samun ƙarin bakin makirufo takwas, ya haɗa su da wayar haske ta ADAT. Tun ranar, duk abin da ya shigo ta sabon akwatin sai ya zo da ƙas, ƙas, kamar ana ɓarar gyaɗa a bayan mawaƙi. Wani mai shago a Kano ya ce masa maganin shi ne ya sayi agogo na waje, wai har murya za ta ƙara garau. Yana son sanin wanne ya fi.

Riƙe kuɗinka tukuna.

Agogon da ake nufi ba na faɗar lokaci ba ne. Na'urar dijital tana ɗibar sauti ɗiba-ɗiba, sau 44,100 ko sau 48,000 a daƙiƙa guda, kuma wani ɗan ƙiristal ne a cikinta ke ba ta bugun kowace ɗiba. Akwatinka biyu, kowanne da nasa ƙiristal. Dukansu an rubuta musu 48,000, amma ba a taɓa yin biyu da suka zo daidai cif ba. Ka ga mata biyu na lugude a turmi ɗaya: muddin ɗaya na sauraron ɗaya, daka na tafiya. In kowace ta bi kanta, can gaba taɓare sai sun gwabza. A ce saɓanin kashi 20 ne kawai cikin miliyan, to kusan kowace daƙiƙa ɗiba ɗaya za ta zube ko ta maimaitu. Wannan ita ce ƙas ɗin da kake ji. Na tabbata in ka duba, akwatunan biyu kowanne na kan agogon kansa.

Hanya uku ce a gabanka.

Ta farko ba ka sayen komai. Wayar ADAT ba sauti kaɗai take ɗauka ba, bugun agogo na tafe cikin hasken, haka ma sauran wayoyin sautin dijital irin su S/PDIF da AES/EBU. Sai ka juya bayan ADA8200 ka kai makunnin kan Master 48, wato shi ne jagora, ka shiga manhajar Focusrite Control ka ce katin ya karɓi agogo daga ADAT. Minti biyu an gama. Aibinta ɗaya: katin ya zama mabiyi. Ranar da ka zo haɗa waƙa kawai ba ka kunna Behringer ba, ko wuta ta ɗauke ta dawo katin ya riga shi tashi, sai ka ga katin bai kama bugun ba, ka yi ta zargin kwamfuta. Mu da muke canjawa tsakanin kuran da gurup sau nawa a yini, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ta biyu ita nake so maka. Katin ya zauna kan agogonsa na ciki, shi ne jagora, ka ja wayar BNC, wato mai kan ƙarfe zagayayye da ake murɗawa ya kulle, daga bakin agogonsa zuwa na ADA8200, ka mai da makunnin can kan mabiyi. Wayar ta zama mai om 75 (om shi ne ma'aunin tirjiyar waya ga lantarki). Irin ta kyamarar tsaro ko ta tauraron ɗan'adam om 75 ce, in an sa mata kan BNC da kyau tana yi. Ta rediyon oba-oba om 50 ce, kamar su ɗaya a ido, kada a cusa maka ita. In ba ka samu ba, wayar haske ta biyu daga katin zuwa Behringer ita ma tana kai bugun. Ta haka ko ka kashe ƙarin akwatin, katin bai san an yi ba.

Ta uku ita ce ta mai shago: akwati na musamman, irin su Big Ben na Apogee ko na Antelope, babban aikinsa samar da bugu da raba shi. Kafin a je ko'ina, leƙa bayan katinka. Bakin BNC ɗaya ne, kuma na fita ne. Babu bakin BNC da za ka soka masa agogon waje, sai dai ta bakin S/PDIF, ko ka ba Behringer, shi kuma ya miƙo ta ADAT. Ka koma hanyar farko ke nan, da ƙarin akwati da ƙarin ramin aljihu.

Batun cewa murya za ta ƙara kyau, nan ne nake son mu daɗe. Akwai abin da ake kira jita, wato bugun ya riƙa zuwa gaba kaɗan ko baya kaɗan maimakon kan ƙa'ida, kuma gaskiya ne tana ɓata sauti. Amma a wuri biyu kawai take cizo: lokacin da ake mai da murya lambobi, da lokacin da ake mai da lambobi murya. Na'urar da ke kan agogon kanta, ƙiristal ɗin na nan kusa da mai juya sautin, tazarar 'yan santimita. Da ka ba ta bugu daga waje, sai ya bi waya, ya kwashi abin da zai kwasa, sannan wata da'ira da ake ce wa PLL ta kama shi ta sake ƙera nata a kansa. Komai tsabtar agogon mai tsada, abin da ke isa wurin aiki shi ne abin da wannan da'irar ta iya. Na'ura mai kyau za ta fito kamar yadda take a da, mai rauni kuwa tana iya komawa baya. Wanda ya biya maƙudan jakkuna kunnensa zai ji bambanci mana. A rufe masa ido a canza sau goma, a ga ko zai nuna.

Ba wai agogon waje ba shi da rana ba. Gidan rediyo ko talabijin mai miksa ta dijital, da na'urar ɗauka, da masu juya sauti huɗu ko biyar, can ne wurinsa. Jera su ɗaya bayan ɗaya da mahaɗin T yana yiwuwa, in an toshe na ƙarshe da om 75, amma sarƙa na tsawo matsala na ƙaruwa. Akwatin raba bugu kuwa kowa da wayarsa daga tushe ɗaya. Masu Dante, tsarin aika sauti ta wayar sadarwar kwamfuta, ma sun huta da wannan, ta wayar sadarwa na'urorin ke zaɓen jagoransu.

Sai masu bidiyo. Na taɓa ɗaukar wa'azi na awa guda, kyamara daban, na'urar sauti daban. Farko baki da murya sun dace, wajen addu'ar rufewa malam na rufe baki magana na fita. Lissafin ba wuya: saɓanin 50 cikin miliyan a awa ɗaya ya kai kashi 18 cikin 100 na daƙiƙa, hoto huɗu da rabi ke nan a bidiyo mai hoto 25. Lambar lokaci ta SMPTE tana gaya maka inda kake ne kawai, ba ta hana na'urori zamewa sai an ɗaure su kan bugu ɗaya. Wannan wata hira ce.

Abu biyu ka kiyaye. ADA8200 bai wuce 48,000 ba, don haka kada ka buɗe aiki kan 96,000. Kuma adadin da ke cikin manhajar ɗauka ya zama shi ne na agogo. Abin da aka ɗauka kan 48,000 aka kunna kan 44,100 yana jan jiki da wajen kashi 8 cikin 100, sai zabiya ta koma muryar gardi. Bakin wayar haske kuma ka hure shi, ka mai da marfin wanda ba ka amfani da shi, ƙurar hunturunmu ba ta barin rami.

In ka gyara, sa sauti ɗaya miƙaƙƙe, irin na maɓalli guda na piyanon lantarki da aka danne kan muryar da ba ta dushewa, ta bakin Behringer ka ɗauki minti goma. Ƙas ba ta iya ɓuya a cikinsa. In ta sake fitowa, turo mana hoton bayan akwatunan biyu da na shafin agogo a manhajar.