Rufe fuska ko barin ta a fili?

Yaran unguwar Nima a Accra masu son kafa band na metal (kiɗan rock mai tsananin ƙara) suna ta gardama, wai su rufe fuska ko su bar ta a fili. Dubi Dark Suburb na nan Accra, da fuskar ƙwarangwal suke hawa dandali, ko mai ganga ya tafi wani ya shigo ba mai ganewa, sunan na nan daram. Amma Osibisa fa, tun 1969 a Landan aka san Teddy Osei da Mac Tontoh 'yan Kumasi da ke cikin waɗanda suka kafa band ɗin, makaɗa sun yi ta shiga da fita amma da Mac ya rasu a 2010 kowa ya ji giɓin, wallahi ni nafi son haka, in san wa nake saurara.